Sa Hannun Jan Biro

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Da yatsa ɗaya na hannun hagu nake buga wannan, don haka duk inda kuka ga harafi ya zame ku yi min uzuri. Na dama yana naɗe da bandeji, kuma shi ne mafarin duk abin da zan gaya muku yau. Ba neman tausayi nake ba, ni na jawo wa kaina. Kawai dai in ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai iya fashewa.

Ga wanda bai san ni ba, ɗaliba ce ni a kwalejin horon malamai, shekarar ƙarshe. Yanzu ina koyarwar gwaji a wata firamare, aji biyar, darasin Turanci. Wannan ne karo na biyu, domin bara na faɗi. Ba don ban san karatu ba. Malamin da aka turo ya duba ni yana shigowa ya zauna a bayan aji, harshena ya ɗaure. Na tsaya riƙe da alli, yara na kallona ina kallonsu, har aka kaɗa ƙararrawa. Kwalejinmu kuwa sau biyu kacal take ba mutum dama. Ka faɗi na biyu, ka tattara komatsanka.

Baba shekara talatin ya yi yana masinja a ofis, yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, yana gaida yaran da a haife ya haife su. Kullum maganarsa ɗaya ce, takarda ce ta raba shi da kujera. Ranar da sakamakon bara ya fito bai yi min faɗa ba, da ma ya yi ɗin. Tabaransa kawai ya cire ya ce, "Auta, babu wanda zai zauna min a falo da maganar aurenki sai kin ajiye min takardar nan a tafin hannuna." Gwaggo, yayarsa, tana gefe tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta cafe, "In ta sake faɗi a ba ni ita ta tsare min shago, ai lissafin kofi da faranti ba ya buƙatar Turanci." Shagon nata yana wani gari mai nisan yini guda a mota. Baba bai ce a'a ba.

Sai kuma shi, saurayina. A wayata sunansa Mai Zane, Gwaggo kuma "wannan mai fenti a farce" take ce masa. Shagonsa yana bakin titi, yana rubuta allunan shaguna, da lambar gida, da rubutun jikin mota, yana kuma sassaƙa hatimi na ofisoshi da makarantu. Bai yi nisa a boko ba. Turanci zana shi yake yi, ba karanta shi ba. Amma hannu, Allah ya ba shi. In ya kalli rubutu sau ɗaya zai fitar maka da shi kamar an haife su tare. Yakan ce, "Ni ba ruwana da ma'ana, abin da aka ba ni shi nake fitarwa." Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni dariya: duk aikin da ya fita daga hannunsa sai ya sa sunan shagonsa da lambar wayarsa ƙanana a can kusurwar ƙasa. Har katin fure da ya zana min farkon haɗuwarmu yana da lamba. Na ce masa, "Tallar ce har a soyayya?" Ya ce hannunsa ne ya saba, ba ya ma sanin ya yi.

Shekara biyu ke nan yana jiran takardar nan tare da ni, bai taɓa nuna gajiya ba.

To, kowane mai koyarwar gwaji yana da littafin tsara darasi. Duk darasin da za ka koyar sai ka rubuta shi da hannunka, manufa, kayan aiki, mataki na ɗaya, na biyu, har tambayoyin ƙarshe. Mai duba ka zai karɓa ya karanta, ya yi sharhi da jan biro, ya sa hannu. Gaskiyar da kowa ya sani kuma ba a faɗa ita ce, ba mai rubuta shi kullum. Muna da abin da muke kira gado: wadda ta gama bara ta bar wa ta bana littafinta, in an ji mai dubawa na tafe a zauna a kwafe. Nawa gadon na same shi daga wata da ta koyar a ajin nan nawa bara. Ban taɓa buɗe shi ba, don ina jin kaina, darussana daga kaina nake haɗa su. Rubutawar ce dai na bari ta taru har mako huɗu, kullum ina cewa gobe.

Ranar Asabar ina juye ruwan zafi a fulas, murfin butar ya zame. Tun daga tsintsiyar hannu har yatsu uku suka saɓule. Mama ta kai ni kemis aka wanke aka naɗe, aka ce kada in riƙe ko cokali na mako biyu.

Ranar Litinin da rana saƙon ƙawata ya shigo, wadda muke kira Rediyo saboda babu labarin da ke wuce ta: "Ke kin mutu. Jan Biro aka ba makarantarku. Alhamis za ta zo."

Jan Biro wata malama ce a kwalejinmu, doguwa, ba ta dariya, ba ta tsawa, ba ta kuma manta fuska. An ce ta taɓa kayar da 'yar ƙanwarta. Na karanta saƙon sau uku, na kalli hannuna, na kalli littafin da ke kan gado da fararen shafukansa. Na gwada riƙe biro da hagu. Abin da ya fito ko kaza ta fi ni.

Da la'asar Mai Zane ya zo, muka zauna kan bencin ƙofar gida. Ina sanye da doguwar riga ruwan toka da mayafin Mama, ban ko shafa hoda ba. Kallo ɗaya ya yi min ya ce, "Hannun ne?"

"Da ma hannun ne kaɗai."

Na zayyane masa komai. Ya saurara yana kankare busasshen fenti a babban yatsansa, sannan ya ce, "To mene ne amfanina? Kawo littattafan."

"Mako huɗu fa. Kuma da rubutuna ake so."

"Nuna min rubutun naki."

Na buɗe masa shafukan farko. Ya zaro biro daga aljihu, ya juya bayan wani rasit, ya rubuta layi ɗaya. Wallahi da ban ga lokacin da ya rubuta ba sai in rantse ni ce. Har yadda nake karkatar da wutsiyar harafi. Na ji wani sanyi ya sauka a zuciyata, na ɗauko gadon na haɗa masa da nawa. Ga kuma maganar da ta kashe ni, don da bakina na faɗe ta: "Ka kwafe komai yadda yake. Kada ka tsallake ko ɗigo, matar nan har ɗigo take dubawa."

"Ko ɗigo," ya ce. "Laraba da yamma za ki gan shi."

Baki shi ke yanka wuya, masu karatu.

Laraba da safe ina tsaye a filin makaranta yara na shiga aji, sai ga wata farar ƙaramar mota ta shigo ta tsaya ƙarƙashin bishiya. Ƙofa ta buɗe, takalmi baƙi mara tsini ya fara fitowa, sannan jaka, sannan ita. Rediyo ta yi kuskuren rana. Na zagaya bayan aji na kira Mai Zane.

"Ta zo. Yau ta zo. Ina littafin?"

"Yanzu na rufe shafin ƙarshe. Ƙarfe nawa za ki shiga?"

"Tara da kwata."

"Ki tsaya a ƙofa."

Tara da minti goma babur ɗinsa ya tsaya, gaban rigarsa duk shuɗin fenti, idonsa ja alamar bai yi barcin kirki ba. Ya miƙo min leda, nawa da gadon a ciki. Har bango ya yi wa littafin da takarda ruwan ƙasa, ya goge shi sumul. Na buɗe shafi ɗaya na ga rubutuna a jere kamar an ja da zare, na rufe. Ƙararrawa ta kaɗa. Ko godiya ban tsaya yi masa ba, na cusa gadon a ƙasan jaka, na ruga.

Jan Biro tana zaune a bayan aji kan kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Na ajiye littafin a gabanta da hannu biyu. Ba ta buɗe ba, ta ɗora jakarta a kai ta ce, "Bismillah, Malama."

Darasin ranar a kan sunaye ne a Turanci, ire-irensu, da tilo da jam'i, da yadda ake nuna mallaka. Na ɗauki alli da hagu, na ji harshen nan ya fara nauyi irin na bara. Sai na tuna shagon Gwaggo da jerin farantai. Na ajiye allin na ce kowa ya ɗora jakarsa kan tebur.

Na ɗaga jaka ɗaya, suka ce "bag". Na ɗaga biyu, suka ce "bags". Na ce to duk abin da ke ajin nan yana da suna, ku nemo min. Aji ya kaure, mai nuna taga, mai nuna takalmi, mai nuna fanka da ba ta aiki. Muka ware sunan da kowa ke amsawa, irin yarinya da gari, daga sunan yanka da ake fara rubuta shi da babban baƙi. Na tsayar da yarinya ɗaya, "child". Na ƙara mata uku, wata mai kitso biyu a gaba ta yi tsalle ta ce "childs", na ce ta kusa, amma wannan kalma mai taurin kai ce, ba ta bin layi, "children" take zama, kamar yadda "foot" ke komawa "feet". Suka yi dariya suka ce akwai masu taurin kai har a kalmomi. Na zuba ruwa a kofi na ce a ƙirga min shi. Suka yi tsuru. Na ce to akwai sunayen da ba a ƙirgawa, sai dai a ƙirga kofin. Na tara su duka a gefe guda na ce ga kalma ɗaya da ta haɗiye mutum arba'in, "class".

Da muka zo mallaka na ɗauki jakar mai kitso biyu na ce ta wace ce. Ita da kanta ta fito allo, tunda ni ba hannu, ta rubuta "the girl's bag", ta ɗora ɗan waƙafin nan a sama kafin harafin ƙarshe. Na haɗa jakunkunan 'yan mata uku, wata ta fito ta rubuta "the girls' bags", ta matsar da shi baya. Ban san lokacin da minti arba'in ya wuce ba. Ƙararrawa ta kaɗa yara na cewa a ƙara ɗaya.

Na saci kallon bayan aji. Jan Biro tana rubutu a takardar maki, kuma na rantse muku na ga ta gyaɗa kai sau ɗaya. Hedimasta da ke leƙe ta taga ya ɗaga min babban yatsa. A raina na ce shi ke nan, Auta, kin haye.

Hedimasta ya ba ta aron ofishinsa ya fita. Na tsaya gaban tebur hannuna a baya. Ta ce, "Kin koyar. Ban yi zato ba, amma kin koyar." Sannan ta jawo littafin.

Shafi na ɗaya, na biyu, na goma. Tana juyawa da yatsa ɗaya. Can ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta ta mayar. Ta daɗe a shafin nan har na fara jin ƙarar agogon bango.

"Na taɓa duba ki a zangon nan?"

"A'a, Malama. Yau ne farko."

"To zo ki karanta min wannan."

Ta juyo min da littafin. A ƙasan darasin mako na shida, da jan biro, da rubutun da ba nawa ba, an yi sharhi layi uku da Turanci: darasi ya yi kyau, amma a rage sauri, a riƙa ba yara damar tambaya. A ƙasa ga kwanan wata na bara. A ƙasan kwanan watan kuma ga sa hannu, mai doguwar wutsiya da ɗigo biyu a ƙarshe.

Sa hannunta ne. Ita ta duba mai gadon bara. Shi kuma bawan Allah ya ga ja, ya nemo jan biro, ya fitar da abin da aka ba shi. Ko ɗigo bai tsallake ba, ga su nan guda biyu.

Na dafa tebur da hannun ciwon ban ma ji zafi ba.

"Gado na san shi," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Tun kafin a haife ki ake yin sa. Da shi kaɗai ne in rage miki maki biyar ki wuce. Amma wannan sa hannuna ne, ni kaina sai da na duba sau biyu. Kin san bara an kori mutum shida a kan sa hannun jabu a takardun sakamako, kuma har yau ba a kama mai yi musu ba?"

"Malama, wallahi ba..."

"Kada ki rantse tukuna. Gobe ƙarfe takwas ki same ni a ofishina a kwaleji. In wani ya yi miki, ki kawo min sunansa, in miƙa shi ga jami'an tsaro, ke kuma in rubuta cewa wauta ce ta kai ki, makinki na yau ya tsaya. In ke kika yi, kwamitin ladabtarwa, kin kuma san hukuncinsa." Ta jefa littafin a jakarta ta miƙe. "Ki je ki yi tunani."

Ban san yadda na iso gida ba. Abin da na sani shi ne mutumin da sana'arsa sassaƙa hatimi ce, in aka haɗa sunansa da kalmar jabu sau ɗaya, ya gama. Ba ofishin da zai sake ba shi aiki, ko da an sake shi washegari. Kuma wa zai yarda cewa bai san abin da ya zana ba? Laifin mutum shidan nan duk a kansa za a juye. Baba kuwa, da ya yi shekara talatin yana ɗaukar takardun mutane ba a taɓa cewa ɗaya ta ɓata ba, ko sunansa ba zai sake bari a ambata a gidan ba.

Ina shiga na tarar da falo a cike da fara'a. Mama ta sa atamfarta mai ganye, Gwaggo na zaune ta haɗe rai, Baba kuma yana tsaye da waya a hannu, bakinsa har kunne.

"Ga Malama nan," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba. "Hedimastanku ya kira ni. Ya ce shekararsa goma sha biyu a makarantar bai ga ɗalibar da ta riƙe aji irin yau ba. Da hannu ɗaya kuma."

"Ai ba a ga takarda ba tukuna," in ji Gwaggo.

"Yaya, wanda ya ga hadari ya ga ruwa." Ya juyo gare ni, idonsa ya ciko. "Auta, ki gaya wa yaron nan ya turo manyansa ranar Asabar. Ya yi haƙuri, na gani. Ba zan ƙara ja masa rai ba."

Shekara biyu ina roƙon Allah in ji wannan magana. Ta zo, sai ga hawaye na zubo min. Mama ta rungume ni tana cewa kukan murna ne, ku bar ta. Na bar su a haka na shige ɗaki na tura ƙofa.

Wayata na ta haske. Saƙonnin Mai Zane ne.

"Yaya aka yi? Ta ga littafin?"

"Kin yi shiru."

"Jan rubutun nan ne ya ba ni wahala. Wancan mai wutsiyar sai da na gwada sau bakwai a wata takarda kafin ya fito daidai. Kin ga yadda ya yi kyau?"

Na cusa fuskata a filo don kada a ji ni a falo. Yana alfahari ne, ku gane. Kwana biyu ya rufe shagonsa saboda ni, yana jira in ce ya kyauta. Na san shi kuma, in na gaya masa gaskiya, kafin in rufe baki ya hau babur ya je ya ce shi ne. Na share ido na rubuta, "Ya yi kyau sosai. Na gode. Baba ya ce ka turo manya Asabar."

Ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira. Sai saƙon murya, yana dariya yana haɗa kalmomi, yana cewa yau ranarsa ce, ga wannan albishir, ga kuma wani sabon aiki da aka kira shi gobe da safe. Ban ƙarasa saurara ba na kife wayar, don ba zan iya jin muryarsa cikin farin ciki haka ba.

Na zaro gadon daga ƙasan jaka, na buɗe mako na shida, na kalli sa hannun na gaske. Na yanke shawara. Zan ce ni ce. In kora ce a kore ni, in tafi shagon Gwaggo in goge farantai, amma shi ya tsira da sunansa. Na san kuma Jan Biro ba za ta karɓi magana da baki ba, sai ta ce in yi ta gani. Na sassauta bandejin, na soka biro tsakanin yatsun da suka saɓule, na fara. Daga la'asar har aka kira magariba ina zana wutsiyar nan. Na cika shafi tara. Ruwan ciwon ya jiƙe bandejin ya ɗiga a takarda. Mama ta ƙwanƙwasa da abinci na ce na ƙoshi. A shafi na tara na ga kamar ya fara kama, ko kuma idona ne ya gaji.

Alhamis ƙarfe takwas saura na isa kwaleji cikin baƙin hijabi da takalmin da na fi tsana. Ofishinta yana ƙarshen baranda, ɗaki ƙarami, fayil har rufi, tukunyar fure ɗaya da ta bushe. Littafina yana kan tebur shi kaɗai.

"Na ji ki," ta ce.

"Ni ce, Malama. Ni na zana. Na ga sharhin ya yi kyau ne na so a ce nawa ne."

Ta dube ni, ta dubi hannuna. Ta ciro farar takarda ta ajiye, ta cire jan biron daga jakarta, shi kansa, ta ɗora a kai.

"Yi min."

Na zauna. Na kama biron, zafi ya tsarga min har kafaɗa. Na fara da kyau, na zagayo, da na zo wutsiyar yatsana ya ƙi lanƙwasa, layin ya tafi can gefe ya huda takardar. Na ce ta ba ni dama in sake. Ta ba ni. Na biyun ya fi na farko muni. Hawaye na ɗiga a kan jan tawadar tana bajewa, ina cewa, "Jiya ya fito, wallahi jiya ya fito."

"Jiya," ta ce. "Wato jiya kika fara koyo."

Ta karɓe bironta ta rufe shi. Ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi tsorata ni.

"Na ba ki dare guda ne in ga wadda za ki zama, mai sayar da wanda ya taimake ta ko mai yi min ƙarya. Sunan ba na buƙatarsa daga bakinki."

Ta ɗauki littafin ta kife shi, ta turo min bayansa. Ta ɗora farcenta a can kusurwar ƙasa ta bangon nan ruwan ƙasa da ya goge sumul. Na sunkuya. Ƙananan haruffa ne, tsaf, sai ka matso za ka gani. Sunan shagonsa, da lambar wayarsa.

"Tun a mota na gani," ta ce. "Na kira shi jiya da rana. Na ce ina da aikin rubutu a ofishina, ya zo takwas da rabi."

Sabon aikin da yake murna da shi ke nan, wanda na kife waya ban ƙarasa ji ba. Na zube a ƙasa na kama gefen teburinta, ina cewa bai sani ba, bai iya karantawa ba, ni na ce masa kada ya tsallake ko ɗigo, ta kore ni ni kaɗai. Ta ɗaga kai ta kalli agogo. Na lalubo waya da hagu in ce masa ya juya, yatsana na zamewa a kan gilashin.

Ban kai ga lambarsa ba na ji fito a baranda, irin wanda yake yi in aiki ya yi masa daɗi. Aka ƙwanƙwasa, aka turo ƙofa da sallama. Ya sa farar rigarsa da yake ajiye wa manyan kwastomomi, ya kankare farcensa tas, tef ɗin awo a hannu ɗaya, littafin samfurin rubuce-rubucensa a ɗaya. Ya gan ni durƙushe a ƙasa, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Sai idonsa ya sauka kan littafin da ke tebur, ya gane aikinsa.

"Hajiya," ya ce a hankali, yana dubanta yana dubana, "ko akwai inda na tsallake ne?"